Zauren Iyali: Ƴan Matan Loreto da Yaran Bakan Gizo



Ya ku iyaye maza da mata, a wannan fitowa muna so mu ɗauke ku zuwa ƙasar Indiya, birnin Kolkata, wanda har zuwa shekarar 2001 ake kira Kalkata, domin mu leƙa wata makarantar ƴan mata ta Kiristoci mabiya ɗariƙar Katolika. Mun san wani zai ce, me ya haɗa mujallar gidajen Musulmi da lakwal ɗin mishan, balle ma ta wata uwa duniya? To, da yawa daga cikinmu, a Yamai da Maraɗi da Damagaram, ƴaƴansu mata sun yi karatu ko suna kan yi a makarantun mishan, kuma sunan Mariama ba baƙo ba ne a kunnen mutanen Yamai. Muna kai su can saboda tsari da kyawun sakamako, muna bin diddigin adadin waɗanda suka ci BEPC da BAC. Abin da ba mu cika tambaya ba, ko a makarantunsu ko a namu na Islamiyya, shi ne: me makaranta ke koya wa yarinya game da matalaucin da ke zaune a bakin ƙofarta? Makarantar da za mu yi magana a kanta ta amsa wannan tambaya a aikace, tsawon shekaru fiye da 30, kuma ɗalibai ƴan mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin aikin.

Loreto sunan wata ƙungiya ce ta mata masu zaman zuhudu a cocin Katolika, irin waɗanda yaranmu ƴan lakwal ke kira «ma sœur». Asalinta yana komawa ga wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Ward, wadda ta kafa ƙungiyar koyar da ƴan mata a 1609. Ta sha wuya ƙwarai a hannun shugabannin cocinta, har Fafaroma ya rushe ƙungiyar a 1631, domin a wancan zamani ba su yarda mace mai zuhudu ta fito daga bayan katanga ta yi aiki cikin jama'a ba. Reshen ƙungiyar na ƙasar Ailan, wanda shi ne ake kira Loreto, ya iso Kalkata a ƙarshen 1841, kuma a 1857 aka buɗe makarantar jeka-ka-dawo ta unguwar Sealdah, dab da wata babbar tashar jirgin ƙasa da ke cikin mafi cunkoso a Indiya baki ɗaya. Duk wanda ya san yadda tasha take a manyan garuruwanmu ya san irin mutanen da ke kwana a gefenta: baƙin da suka baro ƙauye ba su da masauki, mabarata, tsofaffin da ba su da mai duba su, da yaran da suka tashi ba su san wani gida ba ban da bakin titi.

Shahararriyar matar nan da duniya ta sani da Mada Teresa ita ma daga wannan ƙungiya ta fito. Ta yi shekaru tana koyarwa a wata makarantar Loreto a wannan birni, sannan a 1948 ta bar aji ta shiga unguwannin talakawa. Wadda ta zo bayanta, wadda labarinmu ya shafa, ta bi wata hanya dabam: ta tsaya a makaranta, ta buɗe ƙofa, ta shigo da talakawan ciki. Sunanta Sista Cyril Mooney. An haife ta a Ailan a 1936, ta zo Indiya a 1956, ta yi karatu har ta sami digirin dakta a ilimin dabbobi a jami'ar Lucknow, kuma a 1979 aka ba ta shugabancin makarantar Sealdah.

Lokacin da ta karɓi makarantar, wuri ne na ƴaƴan masu hali, ana koyarwa da Turanci, iyaye suna biyan kuɗi, matalautan ciki kuwa ƴan ƙalilan ne. Sai ta fara ƙara yawan ƴaƴan talakawa a kowace sabuwar ɗauka, a hankali, shekara bayan shekara, har aka wayi gari cikin ɗalibai kimanin 1,400 rabi suna biya, rabi kuma ba sa biyan ko anini, ana ma ba mafi talaucinsu abinci da tufafin makaranta da littattafai da magani. Ɗiyar likita da ɗiyar mai jan keken haya suna zaune a benci ɗaya, da riga iri ɗaya, tun suna ƴan shekara huɗu. Wannan shi ne tushen duk abin da ya biyo baya, kuma muna roƙon mai karatu ya riƙe shi. Yarinyar da ta tashi tana cin abinci da ɗiyar talaka, tana aron alƙalaminta, wani lokaci ma ɗiyar talakan ta fi ta maki a lissafi, ba za ta girma tana ganin talauci alamar daƙiƙanci ko rashin asali ba ne.

A tsakiyar shekarun 1980 aka fara shirin da ya fi fitar da sunan makarantar, wanda suka kira Bakan Gizo. An ba yaran titi wannan laƙabi ne saboda suna bayyana su ɓace ba tare da sanarwa ba, kuma duk sa'ad da suka bayyana ana murna da ganinsu. Yaron da ke kwana a tasha ba zai iya bin ƙa'idar ƙararrawa ba. Yau yana nan, gobe ƴan sanda sun kore iyayensa daga inda suka kafa rumfa, jibi yana tsintar robobi don a sami na tuwo. Saboda haka aka keɓe musu wuri a can saman ginin makarantar, aka ce su zo duk lokacin da suka samu, za su tarar da ruwan wanka da abinci da mai koya musu. Masu koyarwar kuwa su ne ɗaliban makarantar, daga aji 5 zuwa aji 10, wato ƴan shekara 10 zuwa 16 ko kusa da haka. An sanya wannan aiki cikin jadawalin mako kamar yadda ake sanya lissafi ko tarihi, kowane aji da lokacinsa, ta yadda duk sa'ar da yaro ya hauro zai iske aji guda yana jiransa. Ɗaliba ɗaya takan zauna da yaro ɗaya, ta duba inda ya tsaya a zuwansa na baya, ta ɗora daga nan. Idan ya iya karatu da rubutu gwargwadon shekarunsa, sai a nema masa gurbi a makarantar gwamnati ko a cikin Loreto ɗin kanta.

A nan ya kamata mu dakata mu lura da hikimar da ke ciki. Babu makarantar da za ta iya ɗaukar malami guda domin yaro guda, ko a ƙasashen masu arziki. Amma kowace makaranta tana da ɗaruruwan yara da suka riga suka iya baƙi da wasali da ƙidaya, kuma ba su da nisa da lokacin da su kansu suka sha wahalar koyonsu. Wannan dukiya ce da ke zaune a kowane aji, ba wanda ya lissafa ta. Kuma mu Hausawa bai kamata abin ya zame mana sabo ba, domin a makarantar allo tun kaka da kakanni gardi ne ke biya wa ƙolo, malam yana daga gefe yana saurare yana gyara. Da muka koma gina makarantu na siminti da allon bango, sai muka bar wannan al'ada a tsangaya, muka ɗauka cewa ilimi ba ya fitowa sai daga bakin mai albashi.

A zamanin Sista Cyril, ranar Alhamis ita ce ranar hutun makarantar, kamar yadda take ranar hutun almajiranmu. A wannan rana ɗalibai kimanin 150 kan shiga motoci tare da malamansu, su nufi makarantun gwamnati na ƙauyukan da ke kewayen birnin, inda malami ɗaya ke fama da yara fiye da ƙarfinsa. Sai a raba yaran ƙauyen ƙungiya-ƙungiya, kowace ɗaliba da nata, ta koya musu darasin da ta shirya tun a makaranta. Ana yin abin ne bi da bi, don kada ya cinye hutun kowa duka. Daga baya makarantar ta shiga horar da matasan ƙauye da na unguwannin talakawa waɗanda ba su da takardar shaidar malanta, domin su koyar a inda malamai ba sa zuwa, aka kuma kai karatu ga ƴaƴan ƴan cin rani da ke aiki a wuraren gasa bulo. A farkon shekarun 2000 aka ga cewa koyar da yarinya da rana ba ya kare ta daga abin da ke jiranta a titi da dare, sai makarantar ta zama gidan kwanan ƴan matan titi. Ajin da aka yi darasi a cikinsa da safe, ko zauren da aka yi taro, da dare a shimfiɗa tabarmi a kwana. Wannan tsari na amfani da ginin makaranta a matsayin gida ya bazu zuwa wasu biranen Indiya, irin su Delhi da Hyderabad.

Amma shirin da ya fi tsaya mana a rai, wanda kuma saboda shi muka ɗauko wannan labari, shi ne na ƙananan ƴan aikin gida. A Indiya, kamar a nan, akwai dubban yara mata da ake kawowa daga ƙauye a ajiye a gidajen masu hali, suna shara da wanke-wanke da reno. Yaron titi kowa na ganinsa, ko don ya tare masa hanya. Ƴar aiki kuwa tana bayan ƙofa, ba ta cikin rajistar kowace makaranta, ba ta cikin lissafin kowane ofishi, kuma idan jami'in gwamnati ya ƙwanƙwasa, uwar gida za ta ce ɗiyar ƙanwarta ce ta zo hutu. Sai makarantar ta lura cewa akwai wanda ya san duk waɗannan yara da sunayensu, wato ƴaƴan gidajen da kansu da ƴaƴan maƙwabta. Aka ce wa ɗalibai kowace ta duba unguwarsu, ta gano ƴan aikin da ba su wuce sa'o'inta ba, ta yi ƙawance da su, sannan ta je cikin ladabi ta roƙi uwar gida ta bar yarinyar ta fito na ɗan lokaci domin wasa da karatu. Ƙofar da za a rufe wa baƙo da takarda a hannu, da wuya a rufe ta ga ɗiyar maƙwabci da ta yi sallama ta durƙusa ta gaida mutane. Ta wannan hanya aka sami shigar da yara da dama makaranta, wasu kuma aka gano ana cutar da su aka nema musu mafita. A watan Oktoba na 2006 gwamnatin Indiya ta haramta ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 14 aikin gida, amma kowa ya san doka ba ta da idon da zai ga cikin madafa. Ƴan matan nan suna da shi.

To, jama'a, laifi tudu ne. Kafin mu jinjina wa mutanen Kolkata ko mu yi tir da masu azabtar da yara a can, mu waiwayo cikin gidajenmu. Da an gama girbi, ƴan mata ƙanana kan kwararo daga ƙauyuka zuwa birane neman abin haɗa kayan ɗaki. Muna ɗaukarsu a kan ƴan jikkuna a wata, wani lokaci ma kuɗin ba ya shiga hannunsu, wata dillaliya ce ke karɓa. Ita ce ta farko da ke tashi, ita ce ta ƙarshe da ke kwanciya. Ita ke goya jakar ɗiyarmu ta raka ta bakin lakwal, ta tsaya tana kallon tsararrakinta suna shiga, ta juyo gida ta hau wanki. Da yamma idan yaranmu sun ɗauki allo sun nufi Islamiyya, ita tana bakin murhu. Akwai gidajen da ake sauke Alƙur'ani a cikinsu duk wata, alhali ƴar aikin da ta shekara uku a gidan ba ta iya Fatiha daidai ba, ba wanda ya taɓa koya mata hukuncin tsarki, kuma a haka za ta koma ƙauye a yi mata aure ta yi renon wasu Musulmi. Wannan ba talaucin ƙasa ne ya jawo shi ba, domin koya mata ba ya cin ko dala. Abin da ya jawo shi shi ne mun saba da ganinta har mun daina ganinta.

Kuma ba mu da uzurin rashin sani. Hadisin Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna cewa masu yi mana hidima ƴan'uwanmu ne da Allah Ya sanya a ƙarƙashin hannunmu, a ciyar da su daga abin da ake ci, a tufatar da su daga abin da ake sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa an ɗora to a taya su. Wani hadisin ya yi bushara da lada biyu ga wanda ya ilmantar da baiwarsa ya kyautata tarbiyyarta, sannan ya ƴanta ta ya aure ta. Idan wannan shi ne matsayin ilmantar da baiwa a zamanin da ake da bayi, ina ga ɗiyar Musulmi mai ƴanci da iyayenta suka ba mu amana? Anas ɗan Malik, wanda ya shiga hidimar Manzon Allah (SAW) yana ɗan shekara 10, ya fito daga wannan gida yana cikin manyan masu ruwaito hadisi. A gidan Annabi yaron aiki malami ya zama.

Sai mu dawo ga tambayar da muka san tana zukatan wasu: shin duk wannan ba tarko ba ne na jawo yara cikin Kiristanci? Ba za mu rufe ido mu ce babu masu fakewa da agaji suna farautar imanin matalauta ba. Akwai su, a Indiya da Afirka, kuma wajibi ne uba ya san wanda ke ciyar da ɗansa da abin da yake faɗa masa bayan cin abincin. Amma adalci ya wajaba a kanmu ko ga wanda muka saɓa da shi. Kiristoci ba su kai kashi 3 cikin 100 na mutanen Indiya ba, mafi yawan ɗaliban wannan makaranta ba Kiristoci ba ne, akwai mabiya addinin Hindu, akwai Musulmi, a birnin da kusan mutum ɗaya cikin biyar Musulmi ne. Iyayen nan sun ci gaba da rububin neman gurbi ga ƴaƴansu, kuma gwamnatin ƙasar ta ba Sista Cyril lambar girma ta Padma Shri a 2007. Gaskiya ne aikin nata ya samo asali daga aƙidarta. Cocin Katolika yana da koyarwa a kan haƙƙin ma'aikata da matalauta tun daga wasiƙar Fafaroma Leo na 13 ta 1891, kuma bayan babban taronsu na Vatican na 1962 zuwa 1965 masu zuhudu da yawa suka fara tambayar kansu dalilin da ya sa mafi kyawun makarantunsu suka zama na ƴaƴan attajirai. Ita ta ɗauki tambayar da gaske. Mu ba mu tarayya da ita a aƙida, kuma ba mu yarda ɗiyar Musulmi ta shiga addu'arsu ko bukukuwan ibadarsu da sunan zaman tare ba. Sai dai Alƙur'ani, a aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, bai hana mu kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, kuma malaman tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Badar an sanya fansar wasu fursunonin Ƙuraishawa ta zama koya wa yaran Madina rubutu, kowane fursuna yara 10. Idan an karɓi rubutu daga hannun mushirikin da ya zo da takobi, karɓar dabarar taimakon marayu daga hannun wata tsohuwa Banasariya ba zai zama aibi ba. Wanda kuma yake tsoron kada a sace imanin yaran titi, maganin tsoronsa shi ne ya riga kowa isa wurinsu da tuwo da allo.

Haƙiƙa ma, idan muka duba da kyau, kayanmu ne muka tarar a hannun wasu. Masallacin Manzon Allah (SAW) yana da wata rumfa da ake kira Suffa, inda baƙi da marasa gida ke kwana, ana ciyar da su, suna koyon Alƙur'ani, kuma daga cikinsu Abu Huraira ya fito. Gini ɗaya ne, wurin salla ne, makaranta ce, masauki ne. A ƙasar Hausa kuma Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin Ƴan Taru, inda jajoji ke jagorantar ƴan mata da dattijai mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu, su koma su koyar da waɗanda aure da reno suka tsare a gida. Yau fa? Muna tara kuɗi mu gina makarantar Islamiyya mai azuzuwa shida, a yi karatu awa huɗu ko biyar, a sa kwaɗo a rufe, almajirai kuma su kwana a barandarta ta waje cikin hunturu, mai gadi yana korarsu.

Kada a ɗauka muna cewa tsarin Sealdah ba shi da rauni. Yarinya ƴar shekara 12 ba ƙwararriyar malama ba ce, abin da za ta iya shi ne buɗe wa yaro ƙofar karatu, daga nan dole ya shiga hannun malamai na sosai. Aikin ɗalibai kuma ba ya sauke wa hukuma nauyin da ke kanta, kuma akwai haɗarin masu mulki su ga ana yi musu aikinsu kyauta su miƙe ƙafa. Bugu da ƙari, abu ne da ya ginu a kan ƙarfin halin mace ɗaya da taimakon da sunanta ke jawowa daga ƙasashen waje. Ta bar shugabancin makarantar a 2011, ta rasu a Kolkata a watan Yuni na 2023 tana da shekara 86, kuma duk aikin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya yana fuskantar jarrabawa ranar da mutumin ya kau. Wannan ciwo mun san shi sarai a ƙungiyoyinmu, inda makaranta kan mutu tare da Alhajin da ya gina ta. Akwai kuma haɗarin da ya fi waɗannan ɓoyuwa, wato aikin taimako ya koya wa ɗiyar mai hali girman kai, ta riƙa ganin kanta mai bayarwa, sauran kuma masu karɓa. Abin da ya rage wannan haɗari a Sealdah shi ne rabin masu koyarwar su ma ƴaƴan talakawa ne, kuma aikin na kowane mako ne, babu ranar biki guda da ake ɗaukar hoto ana miƙa buhun shinkafa. A 2009 Indiya ta yi dokar da ta tilasta wa makarantu masu zaman kansu ware kashi 25 cikin 100 na guraben ajin farko ga ƴaƴan marasa ƙarfi, aka yi ta ƙorafi da zuwa kotu, alhali wannan makaranta ta daɗe da kai rabi ba tare da wata doka ta tilasta mata ba.

Me muke nema ke nan daga gidajenmu da makarantunmu? Ba mu ce a kwashi ƴan mata a kai su tasha ba. Kowace ƙasa da yanayinta, kuma tsare mutuncin ɗiya mace yana gaba da komai. Abin da muke ganin zai yiwu, ba tare da jiran tallafin kowa ba, shi ne makarantunmu na Islamiyya da na Faransanci da Larabci su ware awa ɗaya ko biyu a mako cikin jadawali, a cikin harabar makaranta, da rana, ƙarƙashin idon malamai mata, inda manyan ɗalibai za su koya wa ƴan aiki da ƴan talla na unguwa karatun salla da baƙaƙe da ƙidaya. A rubuta sunan kowace yarinya da inda ta tsaya, domin in ta ɓace wata guda ta dawo a ɗora daga nan, kada a kore ta don ta yi fashi. Ƙidaya kaɗai ba ƙaramin abu ba ce ga yarinyar da ake yanke wa albashi ba ta sani ba. Masu makarantun kuɗi kuma, waɗanda da yawansu ƴan'uwanmu ne a wannan ƙungiya, su dubi littafin rajistarsu su ƙirga marayu da ƴaƴan talakawa nawa ke ciki kyauta. Idan rabi ya yi yawa, to ɗaya cikin goma fa?

Ku kuma iyaye mata, mafi nauyin abin yana wuyanku, domin ku ke riƙe da ƙofar. Ranar da aka fara irin wannan aiki, gidan farko da ɗiyarki za ta duba shi ne naki. Za ta dawo daga makaranta ta ce, Inna, me ya sa wance ba ta zuwa karatu, me ya sa take cin abinci ita kaɗai a bayan ɗaki? A lokacin za ki zaɓa, ko ki daka mata tsawa ki ce ba ruwanta da maganar manya, ko ki sake tsara aikin gidan ta yadda awa ɗaya bayan La'asar za ta zama ta yarinyar. Hakan na nufin wanke-wanken yamma zai koma hannun ƴaƴanki na cikinki a wasu ranaku, kuma za su yi gunaguni. Maigida kuma ya sani cewa haƙƙin yarinyar nan yana kansa kamar yadda yake kan matarsa, ya tambayi nawa ake biyanta, hannun wa kuɗin ke shiga, da kuma ko iyayenta sun san gidan da take.

Wanda ke da ɗiya a makarantar mishan, idan ta zo da takardar neman izinin zuwa ziyarar asibiti ko gidan marayu ko tara tufafi ga waɗanda ambaliya ta shafa, ya karanta takardar da kyau, ya tambayi inda za a je, da wanda zai raka su, da lokacin dawowa, da ko akwai ibada a cikin shirin. In babu abin da ya saɓa wa shari'a ya sa hannu, ya kuma zaunar da ita ya karanta mata Suratul Ma'un da fassararta kafin ta tafi, domin ta san cewa da niyyar Musulma za ta je. In ta dawo a tambaye ta abin da ta gani, a kuma ba ta dama ta kai labarin ga malamarta ta Islamiyya.